Longsifan ko mai tsakuwa, kuma baƙin rufi zai ƙara min zafi?

Tambayar da aka turo ita ce: "Ginina ya kai linta, gida ne mai ɗaki huɗu ba bene ba. Kafinta yace in sa longsifan na aluminiyam, abokina yace mai tsakuwa ya fi, uwargida kuma tace ita baƙi take so don shi ake yayi. Inda muke akwai zafi sosai, kuma damina da iska take zuwa. Wanne zan ɗauka?"

Toh Malam, Allah ya sa albarka, ya sa a gama lafiya. Kafinta da abokinka da uwargida duk kowa da gaskiyarsa, sai dai duk su ukun daga ƙarshe suka faro maganar. Abin da za a fara tambaya shi ne gangarar rufin naka nawa ce, wato yaya tsayuwarsa take, don ita ce zata gaya maka kwanon da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba, kafin ma a zo maganar kyau ko kala. Baka faɗa min ba, don haka ka ɗauko zanen gidan ka duba, in babu a zanen ka tsare kafinta ya gaya maka digiri nawa zai tayar kafin ya yanka katako ko ɗaya.

Dalili kuwa shi ne, longsifan dogon kwano ne da yake tafiya daga ƙololuwa har baki ba tare da haɗi a tsakiya ba, ruwa bashi da inda zai tsaya yayi shawara, shi yasa yake jure kwantaccen rufi, wasu samfuran har digiri 5 suna ɗauka. Mai tsakuwa kuwa guntaye ne ake jerawa wani kan wani, kowane layi haɗi ne, in rufin ya kwanta da yawa iska zata riƙa tura ruwa baya ta ƙarƙashin haɗin, kuma irin wannan yoyon shi ne mafi cin rai saboda baya zuwa sai ranar da aka yi ruwa da iska, kafinta ya hau washegari ya duba ya rantse maka babu ko huda ɗaya, kuma gaskiya ya faɗa. Yawancin masu yin sa suna neman digiri 12 zuwa 15 ko sama, ni dai bana son in gan shi ƙasa da 15, kuma ko don kyau ma baya fitowa sai rufi ya tashi. Tayil na yumɓu ko na siminti shi ma yana son tsayuwa, galibi fiye da haka ma. Amma ka sani duk tsayuwar da ka ƙara kwano ka ƙara: rufi mai digiri 30 yana cin kusan kashi 15 cikin 100 fiye da faɗin ginin a ƙasa, mai digiri 45 kuwa kashi 41. Waɗannan dogayen rufin da ake yi kamar za su taɓo gajimare, sun fi amfani a ƙasashen da dusar ƙanƙara ke sauka don ta zame, a ƙasar zafi amfaninsu kaɗan ne, ga cin katako, ga tare iska. Tsakanin digiri 20 zuwa 30 ya ishi gida irin naka.

Yanzu kayan kansu. Mutane suna cewa "aluminiyam" ga duk kwanon da aka yi wa fenti, alhali iri uku ne daban. Akwai ƙarfe da aka lulluɓe da zinki, shi ne tsohon kwanon da kowa ya sani, zinkin ne yake kare shi, ranar da ya cinye tsatsa ta fara. Akwai ƙarfe da aka lulluɓe da haɗin aluminiyam kashi 55, zinki kashi 43.4 da silikon kashi 1.6, wanda kamfanin Bethlehem Steel na Amurka ya fito da shi kasuwa a 1972, shi ne ake kira Galvalume ko Aluzinc ko Zincalume ya danganta da kamfani, kuma ya fi mai zinki zalla daɗewa nesa ba kusa ba. Sai aluminiyam na gaske wanda babu ƙarfe a cikinsa sam, baya yin jar tsatsa. Yadda zaka bambance abu ne mai sauƙi, ka tafi da mayen ƙarfe a aljihu, in ya kama to ƙarfe ne ko me aka rubuta a rasit, in bai kama ba aluminiyam ne. Ba wai Aluzinc ɗin mugun kaya bane fa, kaya ne mai kyau kuma ya fi aluminiyam tauri, abin da bana so kawai a sayar maka da shi da sunan wani abu.

Kowanne da inda yake ciwo. Aluminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, yana da laushi, in siriri ne ko taka shi aka yi sai ya lotsa, kuma iska mai ƙarfi tana yage shi daga bakin ƙusa. Yana kuma miƙewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, kwano mai tsawon mita 10 in zafinsa ya canza da digiri 50 na ma'aunin Celsius tsakanin asuba da azahar, zai miƙe ya dawo da fiye da santimita 1, kullum, shekara da shekaru, shi yasa kake jin ƙas ƙas a rufi da rana, shi yasa kuma ramin ƙusa yake faɗaɗa in ba a yi aikin da hankali ba. Amma in kusa da teku kake inda iska ke ɗauke da gishiri, shi ne zaɓi, babu dogon tunani. Aluzinc kuma baya shiri da ɗanyen siminti, baya shiri da tagulla, baya shiri da katakon da aka jiƙa da maganin gara mai tagulla a ciki in suna haɗuwa kai tsaye da danshi, haka kuma ɗakin kaji ko na dabbobi da ba iska yana cinye shi ta ciki.

Kauri kuwa, nan ne ake cin mutane fiye da ko'ina. Za a ce maka milimita 0.55 a kawo 0.45, a ce 0.45 a kawo 0.35, kuma da ido ba zaka gane ba wallahi, ko mu da muke aikin sai mun auna. Ka nemi maikiromita, ƙaramin abin awo ne, ka auna da kanka ranar da aka sauke kaya, ba a kan samfurin da aka nuna maka a ofis ba, kuma ka zaro daga tsakiyar tarin. Ka tambaya kaurin da suka faɗa na ƙarfen ne tsura ko har da fenti, don wasu da fentin suke lissafawa. In da geji ake magana, wato lambar da ake kiran kaurin kwano da ita, ka tuna lambar juye take, geji 26 ya fi geji 30 kauri. A aluminiyam na gidan zama ni 0.55 nake ba mutane shawara, 0.45 shi ne ƙarshen abin da zan yarda da shi kuma sai an matso da katakon da ake bugawa a kai kusa da kusa. A Aluzinc 0.40 zuwa 0.45 yana yin aiki. In kuɗi suka gaza gara ka sauko daga mai tsakuwa zuwa longsifan mai kauri, da ka sayi mai tsakuwa na bogi don dai a ce kaima ka sa.

Shi mai tsakuwan da abokinka yake yabo, wanda wasu ke kira Gerard ko Decra ko da ba na waɗannan kamfanonin bane, a ƙasar Niyu Zilan aka faro shi a shekarun 1950. Cikinsa ƙarfe ne mai rufin Aluzinc, aka manna masa ƙananan tsakuwa aka bi da wani ruwa mai sheƙi a sama. Yana da kyau, wannan ba gardama, ƙarar ruwan sama tana raguwa sosai, kuma saboda ta goshi ake buga masa ƙusa kowane layi ya kama na ƙasa da shi, yana jure iska in an yi shi daidai. Nauyinsa wajen kilo 6 zuwa 7 ne a sikwaya mita, ka kwatanta da tayil na siminti ko yumɓu da yake kai kilo 40 zuwa 50, wanda shi dole tun daga zane injiniya ya san da zuwansa. Matsalarsa biyu. Na farko jabu ya yi yawa, na bogi tsakuwar rina ta aka yi, bayan damina biyu uku sai ka ga kala ta koɗe tsakuwa na taruwa a indararo. Ka goga biyu da juna ko ka kankara da makulli, ɗan zubewa kaɗan ba komai, amma in har ƙarfe ya bayyana ka ajiye musu kayansu, sannan ka juya bayansa ka nemi tambarin kamfani da lambar da aka buga. Na biyu yana cin katako da aiki, don ana gindaya masa katako kusan kowane santimita 37, in kafinta ya kuskure awo a layin farko har sama haka zai tafi a karkace. Sannan fuskarsa kaushi ne da ita, ƙura tana zama, a wuri mai danshi da inuwar bishiya kuma gansakuka tana kamawa. In kana da niyyar tara ruwan sama, kwano mai santsi ya fi, kuma ruwan ba kaɗan bane, kowane milimita 1 na ruwa a kan sikwaya mita 1 lita 1 ne, rufin sikwaya mita 200 a ruwa mai milimita 20 ya baka lita 4,000.

Sauran zan wuce su da sauri tunda ba su ka tambaya ba. Shingul na kwalta da ya cika gidajen Amurka yana buƙatar a shimfiɗa falanki gaba ɗaya a ƙarƙashinsa, kuma rana mai zafi tana tsofar da shi da wuri. Dekin na kankare yana da kyau in kana tunanin ɗora bene nan gaba, amma yana shan zafi da rana ya sako maka shi da dare, kuma in ba a ba shi gangara da maganin hana yoyo ba zaka sha wahala. Asbesto kuwa kar ka kusance shi ko kyauta ne, ƙurarsa tana jawo cutar daji ta huhu, Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya tun 2005.

Toh mu zo kan baƙi, wanda nasan shi ne ainihin abin da ya sa ka rubuto. Eh, yana ƙara zafi, kuma ba kaɗan ba. Da tsakar rana in gari ya washe, kowace sikwaya mita ta rufinka tana karɓar kusan wat 1,000 daga rana. Farin fenti mai kyau yana mayar da kashi 60 zuwa 80 na wannan sama, baƙi kuwa kashi 5 zuwa 10 kawai yake mayarwa, sauran duk ya shanye. Ma'aikatar makamashi ta Amurka tace rufi na gama-gari yana iya kai digiri 65 na Celsius ko fiye da rana a lokacin zafi, mai mayar da haske kuma a yanayi ɗaya yana iya zama ƙasa da shi da kusan digiri 28. Wannan zafin baya tsayawa a kwano, yana sauka kan silin, silin ya gasu ya riƙa sako shi kan mutanen da ke ɗaki, fanka tana juyawa amma iska mai zafi take kaɗawa, esi kuma yana ta aiki baya hutawa. Kamar mutum ne ya sa baƙar riga ya tsaya a rana, bambancin kawai ita riga ana cirewa, rufi kuwa shekara talatin ne ko fiye. Ba banza ba birnin Ahmedabad na Indiya, bayan mummunan zafin da ya kashe mutane a 2010, suka shigar da shafa wa rufi farin fenti cikin shirinsu na yaƙi da zafi, haka New York ma suna da irin wannan shirin tun 2009. A ƙasashen sanyi ne baƙi yake da ɗan uzuri, shi ma ba sosai ba tunda lokacin sanyin rana gajeriya ce kuma a karkace take.

Wani abu da yake ba mutane mamaki, kwano tsura mai ƙyalli wanda ba fenti bai kai farin fenti sanyi ba. Yana mayar da haske kam, amma abin da ya riga ya sha baya iya fitar da shi da sauri, fenti kuwa yana saki. Don haka fari mai fenti ne a gaba, sai ruwan madara da ruwan toka mai haske, sai ja da kore da ruwan ƙasa a tsakiya, sai ruwan kofi da shuɗi mai duhu da gawayi da baƙi a can ƙarshe. Fari ma yana da nasa, ƙura tana rage masa aiki a shekarun farko sai dai in ana wankewa ko ruwa ya wanke, yana nuna datti, kuma in mai sheƙi ne maƙwabcin da yake da bene zai riƙa tsine maka duk azahar. Shi yasa ni nafi karkata ga ruwan toka mai haske ko ruwan madara, mara sheƙi.

Akwai kuma fentin zamani da ake ce wa mai sanyi. Kusan rabin ƙarfin rana a wani haske yake zuwa wanda ido baya gani, to shi wannan fentin a ido duhu ne amma yana mayar da wani kaso na wancan hasken. Yana taimakawa gaskiya, sai dai kar a ruɗe ka, baƙi mai sanyi ya fi baƙi na gama-gari ne kawai, bai kamo ƙafar fari ba. In mai sayarwa yace nasa irin wannan ne, kace ya nuna maka takardar kamfani mai lambar SRI, wato lambar da ke nuna yadda rufi yake mayar da zafin rana, duk yadda lambar ta hau haka sanyin yake, baƙi yana kusa da 0 fari yana kusa da 100. In ya fara kame-kame ka san amsar.

Maganar koɗewa ma kala tana da hannu. Ja mai haske da shuɗi mai haske su suka fi saurin koɗewa a rana, kalolin ƙasa-ƙasa da toka sun fi riƙewa, kuma duhu in ya koɗe ya fi nunawa, musamman ɓangaren da rana ta fi duka sai ka ga rufi ɗaya kala biyu. Irin fentin ma da bambanci, foliyesta shi ne na ƙasa kuma shi ya fi yawa, PVDF shi ne na sama. In ka shafa tsohon kwano ka ga farin gari a hannunka, fentin ne yake mutuwa.

Amma ka ji inda zan ɗan sassauta wa uwargida. Abin da ke ƙarƙashin kwanon yana iya rage laifin kala sosai. In aka shimfiɗa foyil, wato siririn fallen aluminiyam mai mayar da zafi, a ƙarƙashin kwano, fuskarsa mai ƙyalli tana kallon sarari na aƙalla santimita 2 zuwa 3, ba a manne ta da wani abu ba, sannan aka kwantar da insuleshan mai kauri, wato abin da yake hana zafi ratsawa, a kan silin, sannan aka bar wa iska hanyar shiga ta bakin rufi da hanyar fita ta can sama, to baƙin rufi ma ana iya zama a ƙarƙashinsa. Ƙa'idar da aka saba ita ce ramukan iskar su kai kashi 1 cikin 150 na faɗin silin, a sa musu raga saboda tsuntsaye da jemage. Yawancin gidajen da nake shiga ana kukan zafi, in na leƙa saman silin babu ko ɗaya cikin ukun nan, an toshe ko'ina ruf don kyau, iska mai zafi ta rasa hanyar fita. Abin haushin kuma yin su lokacin da ake rufi abu ne mai sauƙi, bayan an gama an yi silin kuwa sai an yi ɓarna.

Don haka in ni ne kai, a wuri mai zafi da iska, ga yadda zan yi. Rufi mai gangara ta ɓangare huɗu, don ya fi mai fuska biyu jure iska, kuma a rage yawan kwari da lanƙwasa, duk inda rufi biyu suka haɗu suka yi kwari nan ne yoyo yake fara sallama. In aljihu ya kai kuma ka samu na asali da garanti a rubuce, mai tsakuwa a kala mai haske ko tsaka-tsaki. In bai kai ba, longsifan 0.55 ruwan toka mai haske, ragowar kuɗin a zuba a foyil da insuleshan, kuma wallahi wannan gidan zai fi na mai baƙin tsakuwa da ba komai a ƙarƙashi daɗin kwana. Ita kuma uwargida a ba ta baƙinta a allon bakin rufi da indararo da firam ɗin taga da get, daga waje gidan zai ba da wannan kamannin na zamani da take so, tunda abin da ido yake kamawa haɗuwar duhu da haske ne. In kuma ta kafe sai baƙi, toh a yi, amma da sharaɗin abubuwa ukun can, kar a cire ko ɗaya.

Wajen zaɓen kalar kar ku zaɓa a waya ko a cikin shago ƙarƙashin fitila. Ku karɓi guntun samfur biyu ko uku, a jingina a jikin ginin, ku ja baya ku kalla da safe da kuma la'asar, don a sarari kala tana ƙara haske fiye da yadda take a hannu. Rufi ake fara zaɓa sannan fentin bango ya bi shi, tunda bango zaka sake masa fenti sau da yawa kafin a taɓa rufi. Ka sayi kayan duka lokaci ɗaya daga buguwa ɗaya, da ɗan rara a ajiye, don in ya gaza aka je ciko bayan wata biyu sau da yawa kalar bata zuwa daidai ko da sunanta ɗaya. In unguwar tana da dokar kala ko tsayin rufi ka tambaya tun yanzu.

Ranar aiki kuma ka tsaya a wurin ko ka sa wanda ka yarda da shi. Longsifan da ƙusa mai murɗi mai washa ta roba ake ɗaure shi, irin wadda bata tsatsa, a ɗaure daidai ba a matse har robar ta fashe ba, kuma a ƙara yawanta a gefe-gefe da kusurwoyi don daga nan iska take fara ɗagawa. Katakon rufin kansa a ɗaure shi da ƙarfe a jikin bim, don sau da yawa ba kwano ne yake tashi shi kaɗai ba, rufin ne gaba ɗaya da katakonsa. Kar ka bari a yanka kwano da giranda a saman rufi, tartsatsin yana ƙona fenti, garin ƙarfen kuma in ya kwana ya sha raɓa sai ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa a sabon rufi, almakashin kwano ake amfani da shi, kuma a share rufin kullum kafin a tashi. In akwai ledar kariya a jikin kwanon a ɓare ta da an ɗora, in rana ta gasa ta bata fita. In kana da niyyar sa sola nan gaba ka gaya wa kafinta yanzu, ya ƙarfafa katakon ɓangaren da za a ɗora. A rasit kuma a rubuta maka irin ƙarfen, kaurinsa, irin fentin da sunan kalar, kafin ka biya cikon kuɗin.